Godiya ga Iyaye da Malamai a Lokacin Tsanani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk shekara idan sakamakon jarrabawa ya fito, akan ji guɗa a wasu gidaje na Zongo, wasu kuwa su yi tsit kamar an yi rasuwa. Wannan nasiha tawa ga mutanen gidajen nan na biyu take.

Ku sani, a cikin Suratu Luƙman Allah Ya gwama godiya gare Shi da godiya ga mahaifa. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito hadisi mai nuna cewa mai butulce wa mutane bai cika godiyar Allah ba. Babu inda aka ce sai mutum ya ci jarrabawa ko ya sami aiki sannan godiya ta hau kansa.

Ni kaina shaida ne. Ina ɗalibin madarasa aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994. Littattafai suka yi tsada, albashi ya riƙa makara, yajin aiki ya yawaita. Daga baya na faɗi jarrabawar bak har sau biyu. Mahaifiyata ta sayar da kwanonin ɗakinta don in sake zama, ba ta taɓa yi mini gori ba. Da na sami takardar shaida kuma, sai na shekara huɗu ba aiki, kamar yadda ya sha faruwa ga masu karatun Larabci, ko da yake tun 1957 aka buɗe madarasar Say. Malaminmu na zaure ne ya kira ni, ya damƙa mini yara in biya musu karatu, ya ce ilimin da ba a zuba shi rami ne da ƙasa ke cikewa. Daga wannan tabarma Allah Ya kai ni limanci.

Magabata ma haka suka tashi. Imamu Shafi'i maraya ne, mahaifiyarsa ta ɗauko shi daga Gaza zuwa Makka, yana rubutu a kan ƙasusuwa saboda rashin kuɗin takarda. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, kuma ko da ya saɓa masa a wasu mas'aloli, bai daina yabonsa da girmama shi ba.

Saboda haka, ya kai ɗana da ka faɗi, kada kunya ta sa ka guje wa gida. Je ka durƙusa gaban mahaifanka, ka gode musu wahalar da suka sha, ka nemi addu'arsu. Ku kuma iyaye, ku kame harshenku, domin bakinku yana kama ɗa. Kai kuwa da Allah Ya ɗora a kujerar ofis, yaushe rabonka da zauren da ka koyi alif? Idan malaminka yana raye, ziyarce shi kafin Juma'a mai zuwa. Idan ya riga mu gidan gaskiya, ka yi masa addu'a, ka duba iyalinsa.

Ya Allah Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ka buɗa wa ƴaƴanmu ƙofofin alheri, Ka sanya mu cikin bayinKa masu godiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.