Gashin kurwasan da ake haɗawa tun dare

Tambaya

Allah Ya gafarta Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Amurka, nakan fita aiki yara ba su tashi ba. Wata abokiyar aikina Kirista ta kawo mana wani abincin karin kumallo: ana yayyaga burodin nan na Faransawa, kurwasan, a jera a tire mai zurfi, a barbaɗa naman alade da cuku da alayyafo, a kaɗa ƙwai da madara a kwarara a kai, a rufe ya kwana a firji, da safe a gasa. Ni ban ci ba, amma wata 'yar'uwa Musulma ta tsince naman ta ci sauran. Ina so in riƙa yi a gida da tsiran kaza na babban kanti, har da sahur. Sai yayan maigidana ya ce wai an ƙirƙiri burodin ne don izgili ga jinjirin watan Musulunci. Na kuma ga an rubuta alkohol a ledar wani kurwasan, kuma an ce mini cukun Turawa da tumbin mushe ake haɗa shi. Ga shi haɗin kwana yake yi. Mene ne hukuncinsa?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, abincin halal ne idan kayan haɗinsa halal ne. Sai dai na lura abubuwan da suka ɗaga miki hankali su ne marasa nauyi, wanda kuma ya fi haɗari kin ambace shi kin wuce ba ki ko waiwaya ba, wato tsiran kazar nan. Da shi zan fara.

A Hausa ma sunan da muka laƙaba wa wannan abu tsiran-alade ne, ko da kuwa na sa ne. Masu kamfani da yawa a Amurka da Turai suna niƙa naman kaza ko talotalo, sannan su ɗura shi cikin hanjin alade, don shi ne fatar da suka saba da ita. A gaban leda za ki ga hoton kaza ƙato, maganar hanjin kuwa tana can baya da ƙananan haruffa. Ya taɓa faruwa da ni a wani masauki a Turai. Na ɗauki guda biyu na kaza, na ci rabin ɗaya, sai zuciyata ta ƙi kwanciya da yadda fatar ke ƙas a haƙori. Na roƙi mai hidima ya kawo mini ledar, na sa tabarau na bi layi-layi, sai ga shi a layin ƙarshe. Na tofar, na kurkure baki, na koma kan shayi da burodi. Wanda ya ci cikin rashin sani babu laifi a kansa, amma wanda aka faɗa wa ya daina zama marar sani. Haramcin alade nassi ne, yana cikin Baƙara aya ta 173 da Ma'ida aya ta 3 da An'am aya ta 145, kuma malamai sun haɗu a kan cewa kitsensa da hanjinsa duk hukuncinsu ɗaya da tsokarsa.

Ko fatar ba ta alade ba ce, saura maganar yankan kazar. Ma'ida aya ta 5 ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, kuma alƙali Abubakar Ibnul Arabi, Bamalike, wanda ya rasu a 543 bayan hijira, ya faɗaɗa ayar har ya halatta kazar da Kirista ya murɗe wa wuya in dai malaman addininsa suna ganinta abinci. Wasu malaman zamani sun jingina da shi don sauƙaƙa wa mazauna Turai. Mafi yawan Malikawa ba su bi shi ba, ni ma ba na fatawa da wannan. A mayankar kamfani ba ki san addinin mai yankan ba, ba ki kuma san ko tsuntsun ya mutu da lantarki kafin wuƙa ta kai gare shi ba. Manyan biranen Amurka kuwa ba su rasa mahautan halal. Ki sayi niƙaƙƙen nama a wurinsu ki soya da albasa da attaruhu da kayan ƙamshinki, ko ki bar naman gaba ɗaya, ƙwai da cuku da ganye sun ƙosar.

'Yar'uwar da ta tsince nama ta ci sauran ta yi kuskure, a sanar da ita cikin taushi ba a gaban mutane ba. An tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ɓeran da ya faɗa man shanu ya mutu, sai ya yi umarni a jefar da shi da abin da ke kewaye da shi a ci sauran. Buhari ya ruwaito daga Maimuna. Daga nan malamanmu suka bambance daskararren abinci da mai ruwa-ruwa. Wannan haɗi ruwa ne lokacin da aka sa naman, ya kwana yana jiƙa, wuta kuma ta narkar da kitsen ya bi kowane saƙo na burodin. Babu wani "kewaye" da za a yanke a yar. Tiren da aka gasa alade a ciki kuwa, in an wanke shi tas ya halatta a yi amfani da shi, kamar yadda hadisin Abu Sa'alaba ya nuna game da ƙoren Ma'abota Littafi.

Cuku shi ne inda malamai suka daɗe suna kai-komo. Madara ba ta daskarewa ta zama cuku sai an sa mata wani abu. Masu yin wara suna amfani da ruwan ganyen tumfafiya, wannan babu magana a kansa. Amma tun zamanin da, abin da aka fi sani shi ne infaha, wato abin da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi ko ɗan akuya mai shan nono. Idan dabbar yankakkiya ce yankan shari'a, kowa ya yarda tsarkakakkiya ce. Idan mushe ce, ko yankan wanda ba a cin yankansa, Malik da Shafi'i da mashahurin zancen Hambalawa sun ce najasa ce, don ɓangaren mushe ce. An ruwaito Malik ya ƙi cukun Majusawa saboda haka. Abubakar Ɗurɗushi, babban Bamaliken Iskandariyya wanda ya rasu a 520 bayan hijira, malamin Ibnul Arabin da na ambata, risala guda ya wallafa don haramta cukun da fatake ke kawowa daga ƙasar Rum. Ki duba ikon Allah: malami ya tsananta a kan cuku, almajirinsa ya sassauta a kan kaza.

Abu Hanifa ya ce infaha tsarkakakkiya ce ko daga mushe ta fito, domin ba abu ne mai rai ba balle mutuwa ta same shi. Akwai ruwaya irin wannan daga Ahmad, ita Ibn Taimiyya ya zaɓa, yana kafa hujja da cewa sahabbai da suka shiga Iraƙi sun ci cukun Majusawa alhali ba a cin yankansu. Abu Dawud kuma ya ruwaito daga Ibn Umar cewa an kawo wa Annabi cuku a Tabuka, ya nemi wuƙa, ya ambaci sunan Allah ya yanka, bai tsaya binciken wanda ya yi shi ba. Taron malamai da likitoci da Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci ta shirya a Kuwait a 1995 shi ma ya halatta cukun da aka haɗa da infahar mushen dabbar da ake cin namanta. Wannan zance ya fi ƙarfi a wurina, duk da a Risala da Muhtasar na Malikawa na taso.

Amma ke ba ki ma buƙatar shiga wannan saɓani. Tun 1990 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata infaha da ake samarwa daga ƙananan halittu a masana'anta, babu tumbin kowace dabba a ciki, kuma mafi yawan cukun ƙasar da ita ake yi yanzu. Wanda aka rubuta ya dace da masu ƙin cin nama, ki ɗauka ba fargaba. Masu girkin nan suna son sa Gruyère, shi da Parmigiano na Italiya dokar yinsu ta wajabta infahar maraƙi. Wanda ya ci su yana da magabata, wanda ya bari don fita daga saɓani ya kyauta. Wanda kawai ba a yi saɓani a kan haramcinsa ba shi ne cukun da aka bayyana an haɗa shi da sinadarin cikin alade.

Shi kurwasan kansa fulawa ne da yis da madara da sukari da gishiri, sai man shanu mai yawa da ake shimfiɗawa a tsakiyar ƙullu a yi ta ninkewa ana murzawa, shi ya sa yake fitowa falle-falle yana zuba a riga, kamar yadda duk wanda ya karya da shi a Yamai ko Maraɗi ya sani. Na gidan burodi da aka yi da man shanu zalla babu komai a cikinsa. Na leda mai daɗewa a kanti ne ake ƙara wa kitse mai arha da sinadarai irin E471, wanda galibi daga man ja ko man waken suya ake yin sa, wani lokaci daga kitsen dabba. In an rubuta kitsen alade, ki ajiye. In akwai tambarin halal, ko na masu ƙin nama, ko tambarin Yahudawa na kosha, kin tsira daga alade, ko da yake na Yahudawan ba ya kore giya. In ba a bayyana komai ba, asalin abinci halacci ne, ba a ɗora miki buga wa kamfani waya kan kowace lamba ba.

Alkohol ɗin da kika gani iri biyu ne a nan. Duk ƙullun da yis ya kumbura yana haifar da ɗan alkohol, har ƙullun wainar da iyayenmu ke kwaɓawa da dare su soya da safe, kuma ba mu taɓa jin malamin da ya hana waina ba. Wasu kamfanoni kuma suna fesa ɗan kaɗan a cikin leda don kada burodin ya yi fumfuna. Ma'aunin da hadisi ya ba mu shi ne a dubi abin da ake ci: idan mai yawansa yana bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Mutum ya ci kurwasan ashirin, cikinsa ne zai ɗaure, hankalinsa na nan daram. Don haka ban haramta shi ba, taron Kuwait ɗin ma ya yi sauƙi a kan irin wannan ɗan abin da ake sa wa abinci don adanawa ko narkar da ƙamshi. In kin sami wanda babu, ya fi. Abin da ba ya halatta shi ne a ɗauko giyar sha a zuba da gangan. Wasu littattafan girki suna cewa a ƙara farar giya cikin ƙwan, wani mastad ɗin Dijon akwai ta a ciki, kurwasan mai almon kuma a Faransa akan jiƙa shi da ruwan sukari mai giyar ram. Waɗannan ki nisance su, kada ki yarda da cewa wuta za ta ƙone ta. Ruwan khal kuwa halal ne ko daga inabi ya samo asali.

Sai maganar yayan maigidanki, Allah Ya saka masa da kishinsa. Labarin da ya ji sananne ne: wai lokacin da rundunar Daular Usmaniyya ta Turkiyya (ba tamu ta Sakkwato ba) ta yi wa Biyana ƙawanya a 1683, masu gasa burodi da ke aikin dare suka ji ana haƙa rami ƙarƙashin ganuwa suka tona, da aka ci yaƙi sai suka yi burodi mai siffar tutar Turkawa. Ƙawanyar gaskiya ce, burodin ne masana tarihin abinci ba su samo masa shaida daga wancan zamani ba. Wani babban kundin girkin Faransa da ya fito a 1938 ma cewa ya yi a Budapest abin ya faru a 1686, ga gari daban ga shekara daban. Abin da ya tabbata shi ne mutanen Ostiriya suna da lanƙwasasshen burodi mai suna kifal tun ƙarni na 13, wani ɗan ƙasarsu August Zang ya buɗe gidan burodi a Paris wajen 1839, Faransawa suka kwaikwaya suka kira shi da kalmarsu ta jinjirin wata. Shi jinjirin watan ma ba alamar da Allah ko ManzonSa suka sa wa addini ba ce. Tutocin Annabi baƙa da fara ne, kuma mutanen birnin da ya zama Istambul sun buga wata a kuɗinsu tun kafin Musulunci. Ko da labarin ya inganta, hani kan kamanceceniya da waɗanda ba Musulmi ba yana kan abin da ya keɓanci ibadarsu da bukukuwan addininsu, Annabi kuwa ya sa jabba ɗinkin Sham lokacin tana hannun Rumawa. Ki faɗa wa yayan naku wannan da ladabi, in ya zaɓi ya bari don kansa babu mai tilasta masa.

Kwanan abinci ba ya haramta shi, mu da muka girma da ɗumame. Sunna ce a rufe ƙwarya da dare a ambaci sunan Allah, hadisin Jabir ne a Buhari da Muslim, sai ki yi niyyarta lokacin da kike rufe tiren. Sharaɗi ɗaya ne, kada ya cutar, domin ɗanyen ƙwai da madara ba sa jure zafi. Wannan kuwa ke za ki koya mini. Ya shiga firji mai sanyin digiri 4 ko ƙasa da haka da zarar kin haɗa, naman ki soya shi ya nuna tukuna, da safe ki gasa a wuta mai digiri 180 kamar minti 40 zuwa 45 har tsakiyar ta kama. In wuta ta ɗauke ya kwana a ɗumi, ki zubar, ba almubazzaranci ba ne. Don sahur kuma ki lissafa lokacin gashin da kyau, kada alfijir ya keto tire yana cikin obin.

Allah ne Mafi sani.