Gasar Waƙa Tsakanin Ɗalibanmu a Ma'aunin Shari'a

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hore wa ɗan Adam harshe. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, tambaya ta yawaita a Tebaram game da waƙar nan da ake faɗa a bainar jama'a ba kiɗa, wadda samari ke kira "slam", irin wadda Jhonel ya yi suna da ita a Yamai. Ɗalibai suna son a shirya masu gasa, wasu iyaye kuwa suna cewa a hana, domin Suratush Shu'ara ta zargi mawaƙa.

Muna roƙon iyaye su karanta surar har ƙarshenta, domin aya ta 227 ta togace mawaƙan da suka yi imani suka aikata nagari. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana sa wa Hassanu ɗan Sabitu mumbari cikin masallaci, ya kuma yafa wa Ka'abu ɗan Zuhairu mayafinsa saboda ƙasida. Mu mutanen jihar Tawa ma bai kamata mu yi jayayya a nan ba. A Marata, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma da waƙa ƴarsa Nana Asma'u ta kai karatu ga matan karkara ta hannun jajojinta.

Saboda haka muna goyon bayan gasar, a sa ta bayan kaka, kafin samari su watse cirani zuwa Abijan. A karɓi Hausa da Tamashek da Larabci, a ajami ko a boko, daga ƴan madarasa da ƴan lakkwal baki ɗaya. Maza da mata kowa da wurin zamansa. Wanda ya zo da zambo ko habaici ga wani gida ko wata ƙabila, a sauke shi, ko da ya fi kowa zalaƙa.

Abin da muka fi jin tsoro shi ne alƙalanci. A kasuwar Ukaza, Nabiga ne ke zama cikin hemar jan fata mawaƙa suna karanta masa, kuma an ruwaito cewa har Hassanu ya yi wa gyara a kan zaɓen kalmomi. Masanin ma'auni da amsa-amo muke buƙata, mai faɗa wa yaro inda baitinsa ya karye. Kada malami ya yi hukunci a rukunin da almajirinsa yake ciki. Yaron da aka zalunta a gaban jama'a da wuya ya sake ɗaukar alƙalami.

Sai maganar kyauta, wadda da yawa ba sa lura da ita. Idan ƴan gasa suka zuba kuɗi, aka tattara aka ba wanda ya ci, wannan caca ce, ko da waƙar madahu aka yi. Kyauta ta fito daga ƙungiya ko daga wani mai hali da ba ya cikin gasar: littafi, ko turmin yadi, ko buhun hatsi. Masu niyyar bayarwa su sanar da limaman unguwanninsu bayan sallar Juma'a.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.