Ɓarnar da ke tafiya a hankali, wa zai ɗauki nauyinta?

'Yan'uwa, akwai wani abu da masana ke kira kogin ƙanƙara. A kan duwatsu masu tsayi, inda sanyi ba ya barin dusar ƙanƙara ta narke, takan zubo shekara bayan shekara, ta sama ta danne ta ƙasa har ta daskare ta yi tauri. In ta yi nauyi sai ta fara gangarowa, wani wurin tafiyarta ta yini guda ba ta kai taku ɗaya ba. Wanda ya tsaya a kanta zai rantse a tsaye take. Amma da wannan jan cikin take gurzar dutse har ta haƙa kwari.

Narkewarta ma a hankali ce. A dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar da aka auna a 1912 ta tafi, kuma a 2022 hukumar UNESCO ta ce da wuya ragowar ta wuce 2050. Ba a taɓa wayar gari aka ji ƙarar faɗuwarta ba.

Mu nan Mubi ba mu da ƙanƙara, amma muna da irin wannan tafiyar. Kogin Yadzaram da ya ratsa garin nan daga duwatsun Mandara yake fitowa, ya nufi arewa wajen Borno. Can Tafkin Chadi, wanda a shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, farin shekarun 1970 da 1980 ya janye shi har ya bar Baga nesa da bakin ruwa. Fataken kifi sun san labarin. A kusa da mu kuwa, ga zaizayar ƙasa: kwazazzabon da ya fara kamar sawun keke, bayan damina goma sai ka ga ya raba gona biyu.

To, ga tambayar. In ɓarawo ya fasa shago, an san wanda za a nema. Amma in ɓarna ta taru daga hannun mutum dubu, kowa ya sa kaɗan, wa ke da alhaki? Mai sare itace ɗaya a gindin dutse zai ce, "Itace ɗaya ne fa." Mai tifa ɗaya ta yashi daga kogi haka zai ce. Mai zuba shara a kwata shi ma haka. Kuma kowannensu gaskiya ya faɗa, domin nasa shi kaɗai ba ya rushe gida.

Sai dai mu 'yan kasuwa mun san amsar wannan a ma'auni. Wanda ya rage ɗan tafin hannu a kowane mudu, babu mai sayen da zai kwana da yunwa saboda shi, amma a ƙarshen shekara buhuna ne na mutane a hannunsa. Ƙanƙantar kason ba ta mayar da shi babu ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Amma a yi adalci wajen rabon nauyin. Fari ba a hannunmu yake ba. Hayaƙin da ke ɗumama duniya ma, na Afirka gaba ɗaya bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Haka nan tsohuwar da ke ɗauko dami ɗaya na itace don ta ci abinci ba daidai take da dillalin da ke loda motar gawayi ba. Nauyin kowa gwargwadon abin da ya ɗiba ne, da kuma gwargwadon ikonsa na bari.

Akwai wata magana da akan ji a bakin wasunmu: "Mu baƙi ne, nema ya kawo mu." To, yaranmu nan aka haife su, ruwan rijiyar nan suke sha. Kwazazzabo kuwa ba ya tambayar asalin mai gida kafin ya ci katanga.

A shekarun 1840, wani masani mai suna Louis Agassiz ya kafa turaku a jere a kan wani kogin ƙanƙara a Suwizalan. Da ya dawo, sai ya tarar sun gusa, na tsakiya sun fi yin nisa. Turke ya nuna masa abin da ido ya kasa gani.

Mu ma mu gwada. Kafin damina, kowace unguwa ta kafa turke taku biyar daga bakin kwazazzabon da ke kusa da ita, a rubuta ranar, a sake aunawa da kaka. In taku biyar ya koma uku, musu ya ƙare. Daga nan sai a jera duwatsu a kan ramin, a dasa jema da darbejiya, a yashe kwata. Masu hali su sa kuɗi, matasa su sa ƙarfi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.