GARIN DA BABU MAI CE MAKA BARI

Mai karatu, in dai ka taɓa leƙa gidan gem ko sau ɗaya a shekarun da PlayStation 2 ke tashe, to ka san Grand Theft Auto: San Andreas, ko da kuwa ba ka san cikakken sunansa ba. Shi ne wasan nan da kamfanin Rockstar ya fitar a 2004, wanda ake ba ka wani saurayi mai suna CJ a sake ka da shi a cikin jiha guda mai birane uku, Los Santos da San Fierro da Las Venturas, waɗanda aka kwaikwayo daga Los Anjalas da San Faransisko da Las Begas na Amurka. Irin wannan wasa shi ake kira mai buɗaɗɗiyar duniya. A yawancin wasannin da suka gabace shi hanya ɗaya ake shata maka, ka bi ta ko ka mutu. A nan kuwa labari yana nan yana jiran ka, in ka ga dama ka bi shi, in ba ka ga dama ba ka ɗauki keke ka yi ta zaga unguwa har rana ta faɗi.

Makon farko daɗi kamar ya kashe mutum. Ka tare mota a tsakiyar titi, ka jawo mai ita waje, ka shige. 'Yan sanda su biyo ka, ka faɗa garejin fenti a sake wa motar launi, shi ke nan sun manta da kai. In ma an harbe ka, a ƙofar asibiti za ka farka, an cire maka dala 100 da makamanka, ka karkaɗe riga ka ci gaba. Ga kuma lambobin maguɗi: a kwamfuta ka buga HESOYAM, nan take lafiyarka ta dawo, ga sulke, ga dala 250,000 a aljihu. Babu uba, babu mai unguwa, babu mai ce maka bari.

To amma fa ka tambayi duk wanda ya daɗe a ciki. Akwai ranar da zai kunna, ya tsaya da CJ a bakin titi, motoci na wucewa, madanni na hannunsa, ya rasa abin da yake so ya yi. Ya sace jirgin sama, ya yi tsalle daga bene mafi tsawo, ya tara taurarin 'yan sanda shida ya tsira. Saura me? Gundura ta zo. Tambayar da nake so mu tattauna a wannan wata ke nan: ta yaya mutum zai gaji da wurin da aka halatta masa komai? Kuma me ya sa maganin da ya fi yi wa masu wasan aiki ya zama kishiyar abin da suka shigo nema tun farko?

Kada ka ce me ya kawo gem a shafin fim. Matsalar ɗaya ce da wadda kowane marubucin labari ke fama da ita, kuma ta girmi fim ɗin ma da nisa. A littafin Jamhuriya na Aflatun, wani mai suna Gilokon ya kawo labarin makiyayin da ya tsinci zobe mai ɓatar da mutum, irin layar zana ke nan a wajenmu. Da ya tabbatar babu mai ganin sa, sai ya lallaɓa fada, ya yaudari matar sarki, ya kashe sarkin, ya haye gadon mulki. Hujjar Gilokon ita ce, mutanen kirki ma tsoron idon jama'a ne ya sa suke kirki, a ba su zoben a ga aiki. Yau sama da shekara 2,000 ana wannan muhawara, sai ga masu haɗa gem sun raba wa miliyoyin mutane zoben a kan faifai. Kuma a gaskiya rabin maganar Gilokon ya tabbata, domin yaro mai ladabi ma in ka miƙa masa madanni, kafin minti goma ya take mai tafiya a ƙasa da mota yana dariya. Abin da Gilokon bai faɗa mana ba shi ne yadda makiyayin nan ya ji a wata na shida.

Fim ne ya faɗa mana. Ka nemi Groundhog Day na darakta Harold Ramis, 1993, in ba ka gani ba. Bill Murray ya fito a matsayin mai karanta hasashen yanayi a talabijin, wanda ya maƙale a rana guda, 2 ga Fabrairu, a wani ƙaramin gari na jihar Fensilbaniya. Duk abin da ya aikata, da asuba sai a goge, a dawo da shi farkon ranar. Da ya gane babu gobe, sai ya yi daidai abin da ɗan gem ke yi da CJ: ya saci kuɗi, ya ci abinci kamar jaki, ya yi tseren mota da 'yan sanda, ya yaudari mata. Daga nan sai ƙunci, har ya shiga neman kashe kansa, mutuwar ma ta ƙi karɓar sa. Inda fim ɗin ya yi nauyi, a ganina, shi ne wajen wani tsoho mabaraci da ke mutuwa a daren wannan rana. Ya kai shi asibiti, ya ciyar da shi, ya yi duk dabarar da ya sani, tsohon dai sai ya mutu. A karon farko ya ci karo da abin da ya fi ƙarfinsa, kuma daga nan ne mai kallo ke jin cewa mutumin ya fara zama mutum.

Yanzu mu koma gem, mu ɗauki Skyrim na kamfanin Bethesda, wanda ya fito ranar 11 ga Nuwamba, 2011, domin yana cikin waɗanda aka fi yi wa abin da zan yi magana a kai. Ƙasa ce ta duwatsu da ƙanƙara, an ce maka wani dodo mai fiffike ya dawo zai haɗiye duniya, kai kaɗai ne za ka iya tare shi. Madalla. Sai dai dodon nan yana da haƙuri ƙwarai. Kana iya yin shekara kana tsinkar furanni da ƙera wuƙaƙe, zai jira ka. Yaƙin basasar ƙasar ma ba ya motsi sai ka iso fagen fama. Akwai mutanen da labari ke buƙata, waɗanda ko ka sare su sau ɗari sai dai su durƙusa su huta su miƙe. Kana yawo cikin ƙanƙara da 'yar shara, ko atishawa ba za ka yi ba. Masu gadin gari kuwa magana ɗaya suke maimaita maka, ko kai ɓarawo ne ko kai ne ka ceci garin jiya. Sannu a hankali sai ka gane cewa duniyar nan mai faɗi babu abin da ke faruwa a cikinta sai kai, kuma babu abin da za ka yi ya zauna. Abin mamaki, shi wannan kamfani a wasansa Morrowind na 2002 ya fi ƙarfin hali: kana iya kashe mutumin da labari ya dogara a kansa, sai dai a sanar da kai cewa ka ɓata al'amarin, ko ka koma baya ko ka ci gaba da zama a duniyar da ka lalata.

A nan ne ɗan wasa ke juyawa ga abin da suke kira mod, wato kwaskwarimar da masu wasa da kansu ke yi wa gem, su ɗora a intanet kowa ya sauke. Ba ƙaramar sana'a ba ce. Counter-Strike da ya cika duniya, kwaskwarima ce da wasu samari biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa Half-Life a 1999. Bethesda kuwa da kansa ya saki kayan aikin a 2012 ya ce ga fili ga mai doki, kuma a dandalin Nexus Mods kaɗai akwai dubun dubatar kwaskwarimar Skyrim.

Na lura kwaskwarimar ta kasu gida biyu. Ta farko ita ce ta ƙari: ƙarin takubba, ƙarin gidaje, ruwa mai ƙyalli, ciyawa mai kyau, motoci na zamani a San Andreas. Har akwai wanda a 2013 ya cire dodannin Skyrim ya sa jirgin ƙasan nan na katun ɗin yara, Thomas, yana shawagi a sama yana aman wuta. Ka yi dariya ranar farko, ka murmusa rana ta biyu, a ta uku ka koma inda kake. Wannan ita ce dabarar daraktan da ya ga labarinsa ya yi sanyi a tsakiya, maimakon ya koma kan rubutu sai ya cusa waƙa ta huɗu, a canza kaya kala bakwai a gaban furanni. Kai ma ka san irin finafinan da nake nufi. Masu bin wannan hanya sukan wayi gari kwaskwarimar ce ta zama wasan: a kwana ana saukewa, ana jera wanne zai hau kan wanne, gem ya tsinke, a cire guda a sake gwadawa, a kai mod 200, a shiga a yi minti biyar ana kallon faɗuwar rana, a fita a tafi neman na 201.

Gida na biyu shi ne ya ja hankalina. Akwai wata kwaskwarima mai suna Frostfall, ta wani da ake kira Chesko, aikinta kawai ta sa sanyi ya riƙa kisa. In ka faɗa kogi a arewacin ƙasar ba ka kunna wuta ka bushe ba, ka tafi. Dole ka saro itace, ka kafa tanti, ka dubi sama kafin ka kama hanya. Wata kuma, Live Another Life, cire maka rigar gwarzon da duniya ke jira take yi, ka fara a matsayin mafarauci a daji ko wanda jirgin ruwa ya kife da shi. A GTA V, wanda ya fito a 2013, akwai LSPDFR mai mayar da kai ɗan sanda, ka tsayar da mota, ka duba takardu, ka bi ƙa'idar aiki. Sannan uwa uba FiveM, inda mutane na gaske ke haɗuwa a gari guda kowa da sana'arsa: wannan direban tasi, wancan bakanike, waccan ma'aikaciyar motar asibiti, ga alƙali ga lauya. Kuma akwai dokoki masu tsauri, wanda ya yi kisa babu dalili a cikin labari sai a kore shi. Ka dubi wannan abu da kyau, mai karatu. Wasan da sunansa ma satar mota ne, ga mutane sun sha wahalar sake masa gini domin su samu damar tsayawa a danja! Da dabarar Gilokon ce kaɗai gaskiyar ɗan'adam, babu wanda zai mayar da zoben da hannunsa ya ce a riƙa ganin sa.

Na san abin da za ka ce. Takunkumin da mutum ya ɗaura wa kansa, wanda zai iya kwancewa da danna maɓalli guda, ai wasan yara ne. Akwai gaskiya a ciki, kuma shi ya sa nake ganin sanyin Frostfall ma yana da iyakar kwanakinsa. Da zarar ka haddace inda itace yake da nisan kowane masauƙi, ya zama lissafi. Amma ka dubi dara. Ramuka ne 'yan kaɗan a ƙasa da 'yan itatuwa, babu wanda ya tilasta wa kowa dokarta, duk da haka dattawa sun tsufa a gindin bishiya suna yin ta ba su ce ta ishe su ba. Dalili shi ne wanda ke zaune a gabanka mutum ne, yana da wayonsa, kuma in ya cinye ka gobe zai tuna maka a gaban jama'a. Wannan ne FiveM ya fi sauran da shi. Direban da ka daki motarsa jiya yana nan yau, ya gane ka, kuma babu garejin fentin da zai sa ya manta.

Sai dai akwai wata gundurar da ban yarda kwaskwarima ce maganinta ba. Fim yana da kunya, bayan awa biyu zai rubuta Alhamdulillahi ya sallame ka ka tafi harkokinka. Buɗaɗɗiyar duniya ba ta sallama. Ko ka kashe babban dodon, ƙofa a buɗe take, Skyrim ma an gina shi da tsarin da ke ta ƙirƙiro ƙananan aike marasa ƙarewa, je kogo kaza ka ɗauko abu kaza. Saboda haka wani lokaci ranar nan da ka tsaya a bakin titi ka rasa abin yi, ita ce Alhamdulillahin da masu wasan suka ƙi rubuta maka. Wanda ya ci ya ƙoshi, ƙarin yaji ba zai dawo masa da yunwa ba, sai dai ya ɓata masa ciki. Ni a wurina mai hankali shi ne wanda zai iya bambance gajiyar da ke cewa a ƙara nauyi da wadda ke cewa a tashi haka nan, kuma 'yan kasuwa ba za su taya ka wannan bambancewa ba, domin zamanka shi ne cinikinsu.

Sun kuwa gane inda kasuwar take. A watan Afrilun 2015 Valve da Bethesda suka gwada sayar da kwaskwarimar Skyrim a Steam, jama'a suka yi caa, cikin 'yan kwanaki aka janye. A 2017 Bethesda ya dawo ta wata ƙofar, ya buɗe shagonsa na Creation Club, kuma cikin kayan da ya baje har da nasa tsarin na yunwa da sanyi da gajiya, abin da su Chesko suka daɗe suna rabawa kyauta. Rockstar kuwa a 2015 rufe asusun masu gina FiveM ya yi, yana zargin aikinsu da buɗe ƙofar satar fasaha. Shekara takwas bayan nan, a watan Agustan 2023, sai ya sanar cewa Cfx.re, ƙungiyar da ke riƙe da FiveM ɗin, ta zama wani ɓangare na kamfaninsa.