Idan Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari

 Tambaya ɗaya nake so mu zauna mu juya ta yau, kuma ta shafi lalitar kowace daga cikinmu. Idan mutum ya ɗauko abin da ba shi da amfani, ya zuba shi a kwalba mai sheƙi, ya ɗora masa tsada, mace ta zo da ƙafarta ta miƙa kuɗi tana murna, shin wa ya yi laifi? Mai sayarwa ne ko mai saye? Ko kuwa babu laifin kowa, tunda ciniki aka yi da yardar juna?

Mu nan Sabuwa ba baƙin irin wannan kaya ba ne. Ranar kasuwa sai ki ji mai mota da lasifika yana ta kwararo magana, wai kwalba ɗaya tana maganin basir da shawara da sanyi da ciwon baya da rashin haihuwa. Wadda ba ta fita kuma, dillaliya za ta kai mata har tsakar gida a cikin jaka. Kayan kan taso daga Kano ko Zariya, su biyo ta Funtuwa da Dandume, kowane hannu suka bi sai kuɗin ya ƙaru. Yanzu ma da waya ta zo, tallan har kan gado yake iske mace, ta WhatsApp da Facebook da TikTok, da hoton wata yarinya da aka goge a kwamfuta, a ce wai kafin da bayan amfani ne.

Idan kika tuhumi mai irin wannan sana'a, amsarsa ɗaya ce: "Hajiya, ni na tilasta mata? Ita ta gani tana so ta saya." Maganar tana da kamar gaskiya, don haka mu auna ta. Yarda ba ta cika sai da sani. Wadda ta san abin da ke cikin kwalba ta saya, ita ce ta yarda. Wadda aka ɓoye mata kuwa, da labarin da aka ba ta ta yarda, kuma labarin ƙarya ne. Malamai suna karantar da mu yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin hatsin wani mai sayarwa, ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, ya yi masa faɗa mai tsanani a kan algus. Wancan mai hatsi ma ai bai tilasta wa kowa ba. Ɓoyewar da ya yi ita ce laifinsa.

To bari mu leƙa cikin kwalaben mu ga abin da ake ɓoye mana.

Na farko man bilicin, wanda yanzu aka canza wa suna, ana cewa man gyaran fata ko haɗi na musamman. Yawancinsu abu uku ne ke aiki a ciki. Akwai sinadarin haidirokwinon, mai hana fata yin launinta na halitta, wanda idan aka daɗe ana shafawa sai ya bar baƙin tabo kamar ƙuna a kumatu da gaɓoɓin yatsu, tabon da ke da wuyar fita. Akwai maganin sitiroid, wanda likita kan rubuta na 'yan kwanaki don ciwon fata, amma idan ya zama man shafawa na kullum sai fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsage jiki, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Na ukun shi ne makuri, mai lalata ƙoda, kuma yana iya kaiwa ga ɗan da ke ciki ko wanda ake shayarwa. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2011 ya kawo cewa mata 77 cikin 100 a Najeriya suna amfani da mayukan hasken fata. Kwaddebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ce abin ya kai matsayin larurar gaggawa ga lafiyar ƙasa. Ki lura da dabarar cinikin: ranar da kika daina shafawa, fata ta koma ta fi da duhu, sai dole ki koma ki sake saye. Wato mai kaya ya ɗaure ki da igiyar da kika biya kuɗinta.

Na biyu ƙwayoyin ƙiba, waɗanda 'yammata ke kira sha-ka-fashe. Da yawansu dekzametason ne, shi ma dangin sitiroid. Abin da yarinya ke gani a madubi tana murna, kumburi ne da ruwa da kitsen da ya taru a fuska da ciki. A bayan fage kuma maganin yana ɗaga sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi, yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Ƙwayar mai araha ce a kemis, amma da an niƙa ta an zuba a ruwan zaƙi an manna hoton mace mai ƙugu, sai kuɗin ya ninka.

Na uku kayan mata. A nan sai na yi a hankali, domin gyaran jiki gadonmu ne, iyaye da kakanni sun san shi. Gumba da tsumi da dabino da aya da kwakwa da zuma abinci ne mai gina jiki, kowace uwa ta iya haɗa wa 'yarta. Yau kuma an ɗauki waɗannan abubuwa na kasuwar ƙauye, an cakuɗa da garin da ba a san asalinsa ba, an raɗa masa suna mai ban tsoro, wai na mallaka, wai na korar kishiya, wai sai ya saya miki mota. 'Yar'uwa, da akwai garin da ke sa miji ya sayi mota, da mai sayar da shi ba ta yawo gida-gida a ƙasa cikin rana.

Kada a ce abin ya tsaya a kan manya. A ƙarshen 2008 wani maganin haƙorin yara mai suna My Pikin ya shiga kasuwa da guba a cikinsa mai kashe ƙoda. An kwantar da yara a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da wasu asibitoci na ƙasar nan, kuma yara 84 suka rasu. A 2013 wata kotu a Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara 7. Abin da ya fi ciwo shi ne, likitocin yara suna cewa fitowar haƙori ba cuta ba ce, ba ta kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa mai tsanani. Idan yaro ya yi waɗannan, wani ciwon ne daban da ke buƙatar asibiti. Iyayen nan ƙauna ce ta sa suka sayi maganin da tun farko ba a buƙatarsa.

Da na jera waɗannan abubuwa na dube su, sai na ga haja ɗaya ce ake sayar mana da sunaye daban-daban, kuma sunan hajar tsoro. Budurwa tana tsoron ta rasa manemi, matar aure tana tsoron kishiya ko takardar saki, uwa tana tsoron kukan ɗanta. Mai talla ya san inda miki yake, nan yake dannawa. Shi ya sa ni ban yarda a kira mai sayen nan wawiya ba. Na san wata baiwar Allah mai hankali da iya tattali, wadda ba a taɓa cutarta a awon masara ba, amma da ta ji mijinta na neman aure sai ta sayar da tunkiyarta ta kai wa mai haɗi. Auren dai aka ɗaura, tunkiya kuwa ta tafi. Hankalinta bai gudu ba, tsoro ne ya rufe shi na ɗan lokaci. Wanda ya ga mutum cikin firgici ya mai da firgicin nan jari, laifinsa ya fi na ɓarawon dare, domin ɓarawo bai ce yana ƙaunarki ba.

Maza ma suna da kasonsu. Namijin da kullum bakinsa ke yabon farar mace a gaban matarsa baƙa, ko mai yi wa matarsa gori da rama alhali cefanensa bai taka kara ya karya ba, shi ne babban ɗan kamashon mai bilicin, ko da bai karɓi ko sisi ba.

Amma fa, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Akwai sayen da gasa ce kawai ke kawo shi. Dubi kayan jere. Kakanninmu ƙwarya suka jera, iyayenmu suka jera tasa da kwalla, aka zo yayin samira, aka koma tangaran da kuloli. Kowane yayi ya wuce sai a kwashe na da a ba dillaliya a wulaƙance, a ciyo bashi a sayi sabo, a jera abin da har a mutu ba za a ci tuwo a ciki ba. Don me? Don kada matan unguwa su shigo ganin ɗaki su taɓe baki. Su kuwa da sun fita sun manta, ke aka bari da zubin adashe. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Mu yi ɗan lissafi. A ƙaddara mace tana kashe naira 5,000 duk wata a kan mai da haɗi. A shekara ya zama 60,000. Ki tuna daga ina kuɗin nan yake fitowa a ƙasarmu. Daga masara da dawa da waken suya ne, waɗanda mazajenmu da 'yan'uwanmu suka noma a shekarun da zuwa gona a yankin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara ya zama sai da addu'a saboda 'yan bindiga. Ko daga ƙuli-ƙuli da awara da ɗinkin hula da mace ta yi ta fama da su. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuwa, kowa ya ji yadda kuɗin mota da na cefane suka tashi. Kuɗin da aka samu da irin wannan wahala ya fi ƙarfin a zuba shi a kwalbar da ba ta da ko sunan wanda ya haɗa ta.

Wata za ta ce, to Malama, so kike mu zauna buzu-buzu? A'a wallahi. Ado halal ne, tsafta kuwa addini ce. Ga lalle, ga dilka, ga man kaɗanya, ga sabulun salo, ga turaren wuta da humra, ga kitso mai kyau. Kuma ba kowane abu mai tsada ne cuta ba. Atamfa mai kyau ko tukunya mai kauri da za ta shekara goma tana aiki ta ci kuɗinta, araha kuwa ba ta ado. Ma'aunin dai shi ne, abin zai yi aikin da aka ce zai yi, ba tare da ya karɓi lafiyarki ba?

Ke ma 'yar'uwa dillaliya, na san abinci kike nema, wataƙila marayu kike riƙo. Amma abin da ba za ki shafa wa 'yarki ba, kada ki kai wa 'yar maƙwabciyarki. Ribar zani da turare da kayan miya kaɗan ce, amma ana kwana lafiya da ita.

Saboda haka kafin ki kwance bakin zani, ki tambayi mai kaya abin da ke ciki, wa ya haɗa, ina lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Idan ya ce sirri ne, ki bar masa sirrinsa ki riƙe kuɗinki. Idan ya ce yau kaɗai ne, gobe babu, ki ce Allah ya kai mu goben. Abin da za ki sha ko ki ba yaro, ki fara nuna wa ma'aikaciyar asibiti. Sa'annan ki tambayi zuciyarki, ita ce tambaya mafi wuya: buƙata ce ta kawo ni, ko tsoro, ko idon mutane? Idan kika kwana biyu da wannan tambaya, sau da yawa za ki ga sha'awar ta tafi, kuɗinki na nan.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya tsare mu da cin haƙƙin wani, ya tsare lafiyarmu da ta 'ya'yanmu, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu. Amin. Wassalamu alaikum.