Hukuncin Farautar Gyado Da Cinikin Namansa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta mana tsarkakan abinci, ya haramta mana ƙazantattu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, tambaya tana yawaita daga manoma da mafarauta na kudancin ƙasarmu, wajen Gaya da Tamu da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da gandun dajin W, a kan dabbar nan da ake kira gyado, wasu su ce mugun dawa, wasu gursunun daji. Tana shiga gona ta tone rogo da gujiya da dankali, ta tattake hatsi da dawa. Manomi yana tambaya ko ya halatta ya kashe ta. Idan ya kashe, ga masu saye suna jira da kuɗi a hannu: ko ya halatta ya sayar? Akwai ma wanda ya kai ga cewa wannan dabba ba ita ce Alƙur'ani ya haramta ba, domin ciyawa da saiwa take ci, ba ta yawo a juji kamar na gari.

Bari mu fara da wannan ta ƙarshe, don ita ce mafi haɗari. Allah Maɗaukaki ya haramta naman alhanzir a wurare huɗu cikin Littafinsa: Baƙara aya ta 173, Ma'ida aya ta 3, An'am aya ta 145, da Nahli aya ta 115. Babu ɗaya cikin ayoyin nan da ta ce na gida, ko ta togace na daji. Sunan ya zo gamamme, kuma ƙa'ida ita ce gamamme yana zama bisa gamewarsa har wani dalili ya keɓance shi. Gaskiya ne gyado ya saɓa wa na gari a siffa: yana da haure masu lanƙwasa, yana durƙusawa bisa gwiwoyin gaba idan zai ci, yana miƙe wutsiya sama idan ya sheƙa, yana kwana a ramin da dabgi ya haƙa. Amma masana dabbobi sun sanya su cikin dangi guda, Larabawa kuwa alhanzirin daji suke ce masa. Batun ciyawa ba hujja ba ce. Allah bai rataya haramcin ga abin da dabbar take ci ba, ga ita kanta ya rataya shi. Kuma duk mafaraucin da ya daɗe a dawa ya san gyado ba ya ƙin mushe idan ya same shi.

Wani ɗalibi mai kaifin basira zai iya cewa: to, ai jakin gida haram ne, jakin dawa kuwa halal, me ya hana a yi wannan rabo ga alhanzir? Tambayar tana da kyau, amsarta kuma a sarari take. Manzon Allah (SAW) da kansa ya hana naman jakin gida a yaƙin Haibara, shekara ta 7 bayan hijira, kuma shi ne ya yarda da jakin dawan da Abu Ƙatada ya harbo. Nassi ne ya raba su. A nan kuwa babu nassin da ya raba, mu kuma ba mu da ikon ƙago shi. Ku duba abin da ya faru a Amurka. Aladun da Turawa suka kai tun ƙarni na 16 sun ɓalle sun shiga daji, suka hayayyafa har suka kai miliyoyi, suka yi gashi da haure, suna ɓarna a gonaki, har a jihar Texas ana harbinsu daga jirgi mai saukar ungulu. Shin gudun da suka yi daga garke ya mai da su gada?

Amma kashe shi don kare gona, wannan ya halatta. Shehu Halilu ya bayyana a Muhtasar cewa farautar alhanzir halal ce, masu sharhi suka ce da niyyar kashe shi kawai, ba da niyyar ci ba, domin yanka ba ya aiki a kansa: ko an ambaci sunan Allah sau dubu, mushe ne. Sai dai muna jan hankalin manoma cewa ƙasa tana da doka. A 1998 aka kafa doka mai lamba 98-07 a kan farauta da kare namun daji, gandun W kuma tun 1954 aka keɓe shi. Wanda dabba ta addabi gonarsa ya kai kuka ga mai gari da ma'aikatan gandun daji. Tsare gona daban, ɗaukar bindiga a kutsa cikin hurumi da sunan ramuwa daban.

Sauran maganar kuɗi, kuma nan ne ƙafafu suke zamewa. Mutum ya ce: ni ban ci ba, wanda addininsa bai hana shi ba na sayar wa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa a shekarar buɗe Makka Manzon Allah (SAW) ya haramta cinikin giya da mushe da alhanzir da gumaka. Sahabbai suka nemi sassauci a kan kitsen mushe, saboda ana shafa shi ga jiragen ruwa da fatu, ana kunna fitila da shi, ya ƙi. Sa'an nan ya ba su labarin mutanen da aka haramta wa kitse, suka narkar da shi suka sayar suka ci kuɗin, ya yi tir da dabararsu. Hadisin bai tambayi addinin mai saye ba. Don haka jika biyar ɗin da aka miƙa maka haram ce, ladan dakonsa a amalanke ko a babur haram ne, haka ladan fiɗa, haka ladan yi wa baƙo jagora alhali ka san don ci yake harbi. Mun san talauci gaskiya ne, kuma gonar da aka tone ba ta komawa. Amma wannan kuɗi shi ne za ka sai wa iyali hatsi, da ƙarfin tuwon kuma za ka tsaya salla ka ɗaga hannu. Wanda ya riga ya karɓa, ya tuba, ya fitar da adadin daga dukiyarsa ya ba mabukata, ba da niyyar neman ladan sadaka ba.

Mafi muni shi ne wanda yake yin bandarsa ya gauraya da naman gada ko barewa ya kai kasuwa. Wannan ya tara haramun biyu, cinikin abin da aka hana da ha'intar Musulmi. Ya kuma ƙara cuta. Likitoci sun tabbatar cewa naman alhanzir, na gida da na daji, yakan ɗauki wata ƙaramar tsutsa, tirikinela, wadda aka gano a 1835, mai shiga tsokar mutum ta kawo zawo da zazzaɓi da kumburin ido da ciwon jiki. Gishiri da hayaƙi da shanya ba su isa su kashe ta ba. Ba don tsutsar muke barinsa ba, don ko an dafa shi ya yi luguf haramcinsa yana nan. Muna faɗa ne don mai sayen banda ya san wurin wanda yake saye.

Game da tsarki, kada a tsananta wa kai. A mazhabarmu ta Imamu Malik duk mai rai tsarkakakke ne, har alhanzir, saboda haka wanda ya goge shi a guje bai najastu ba. Idan ya mutu ne gawarsa da jininsa suke zama najasa. A ja shi nesa da rijiya da hanya, a haƙa rami mai zurfi a binne, don kada karnuka su tono. Abin da ya taɓi tufa ko jiki a wanke da ruwa har alamarsa ta gushe. Wuƙa da tukunyar ƙarfe wanki ya ishe su. Amma tukunyar ƙasa da romonsa ya ratsa, da naman halal da aka dafa tare da shi, Halilu ya lissafa irinsu cikin abin da ba ya tsarkaka. Fatarsa jima ba ta halatta ta. Gashinsa kaɗai Ibnu Abi Zaid ya ambata a Risala cewa an yi rangwame a amfana da shi.

Wanda kuwa yunwa ta kai shi ga halaka a daji, ayoyin nan huɗu da kansu sun buɗe masa ƙofa, ya ci ya tsira da ransa babu zunubi. Ko a nan ma malamanmu sun ce idan ya sami mushen wata dabba tare da alhanzir, mushen zai gabatar. Marmarin nama da tsadarsa a kasuwa ba su shiga wannan lalura.

Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.