Riƙon Amanar Aboki Bayan Ƙasa Ta Rufe Shi

Abota ba ta da wuyar riƙo muddin aboki yana numfashi. Ka je sunan ɗansa, ya zo ɗaurin auren ƙanwarka. Ka ranta masa yau, ya ranta maka gobe. Ko da zuciya ta yi sanyi, kunyar haɗuwa a masallaci ko a kasuwa takan sa a ci gaba da gaisawa. Inda ake gane mai amana shi ne ranar da abokin ya kwanta dama, ba ya ganin wanda ya zo, ba ya ƙorafi a kan wanda bai zo ba. Wannan hali malamai na kiransa wafa'i. Na ji kalmar tun ina makarantar allo, amma ma'anarta a Achida na koye ta, a hannun wani direba, bayan ni na riga na faɗi jarabawarta.

A shekarar 1996 muna aji shida a sakandaren kwana. Gadonmu ɗaya da wani abokina, irin mai hawa biyu, shi a ƙasa ni a sama. Ɗan Achida ne, mahaifinsa manomin albasa da tafarnuwa. Yaro ne mai kan lissafi, kuma burinsa bai ɓoyu ga kowa ba: yana so ya zama injiniyan ruwa. Madatsar ruwan Goronyo da aka gina a kan kogin Rima ita ce hirarsa. Yakan zana magudanan ruwa a bayan littafinsa, ya ce wata rana sai ya kai ruwa gonar babansa ba tare da an sha wahalar jigo ba. Mu kuwa mu yi ta tsokanarsa da kiran Injiniya, shi kuma ya amsa ba tare da jin haushi ba.

Shekarar ce annobar sanƙarau ta ratsa Arewa. Mutane sama da 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, galibinsu yara da matasa. Cuta ce ta bazara, tana son zafi da ƙura da ɗakin da aka cunkushe. Tsakanin Ƙaramar Salla da Babba aka ba mu hutu, kowa ya tafi gida da littattafansa domin shirin jarabawar WAEC. Can ciwon kai da zazzaɓi suka kama abokin nawa, wuya ya sanƙare, kwana uku rai ya yi halinsa. Babu wayar hannu a lokacin. Sai da muka dawo makaranta, na ga gadon ƙasa babu katifa, sannan aka gaya mini. Ranar jarabawa an rubuta lambarsa da alli a kan tebur kamar ta kowa, teburin ya wuni babu mai shi.

Mun yi karo-karo muka ɗauki mota muka tafi ta'aziyya. Mahaifinsa ya karɓe mu a zaure. Da yake ni ne amininsa, ni aka tura in yi magana. Na ce, "Baba, ka rasa ɗa guda, amma ga mu nan, dukanmu 'ya'yanka ne. Ba za mu yanke ƙafa da gidan nan ba." Tsohon ya ɗaga kai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce Allah ya yi mana albarka. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Na ɗauki nawa a zauren nan, ban kai ko bakin titi ba na sauke shi.

Aka watse. Wasu suka tafi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wasu Zariya, wasu kasuwa. Hidimar ƙasa ta zo, aiki ya zo, aure ya zo. Daga Sakkwato zuwa Achida bai kai tafiyar awa guda a mota ba, kuma na bi hanyar ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, zuwa Wurno ko Goronyo. Har nakan tsaya in sayi albasa a bakin hanya. Amma ban taɓa karya kwana na shiga lungunsu ba. Shekarar farko na ce sai na samu abin riƙewa a hannu. Ta biyar na ce da wane ido zan dube su. Jinkiri ya haifi kunya, kunyar ta ƙara jinkiri, har shekara ashirin da ɗaya.

A 2017 sanƙarau ta sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Ina jin labarin a rediyo, sai gadon nan marar katifa ya faɗo mini a rai, na kasa barci. Ranar Laraba, ranar da kasuwar Achida ke ci, na shirya na tafi. Na tarar mahaifinsa ya rasu da daɗewa, ban ma ji ba. Na yi sallama, aka yi mini iso wurin mahaifiyarsa. Na durƙusa na ce, "Inna, ina wuni?" Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Kai na? Lalle marhabin. Ashe har ka yi hurhura. Da abokinku shina nan, da shi ma yanzu ya yi."

Ɗan fari ne, don haka ko yana raye ba ta taɓa kama sunansa ba. Abokinku take cewa. Alkunyar da ta hana ta kiran sunansa ita ta hana ta kuka a gaban mutane ranar da aka fita da shi. Shekara ashirin da ɗaya tana ɗauke da sunan da ba za ta iya furtawa ba, tana jiran wanda zai shigo ya furta mata shi. Ba ta yi mini gori ba, kuma da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Muna zaune sai ga sallama. Wani ɗan ajinmu ne, wanda ke zama a bencin baya, wanda jarabawa ba ta yi masa kyau ba, ya kama tuƙin motar haya tsakanin Sakkwato da Goronyo. Ya shigo ba tare da an yi masa iso ba, ya ajiye goro da sabulu da ƙullin sukari, ya tambaye ta ciwon ƙafarta. Inna ta ce mini, "Wanga yaro duk Laraba sai ya biyo. Shi ya kai Malam asibiti, da shi anka yi mai sutura. Ko layya bai taɓa mance ni ba." Da muka fito na tambaye shi dalili, domin ban san shi da Injiniya da wata shaƙuwa ba. Ya ce, "Malam, zango guda kayan abincina sunka ƙare, garinai da ƙulinai nika ci, bai taɓa gaya ma kowa ba. Ban samu na biya shi ba. Inna nika biya."

Ga aminin da ya yi jawabi a zaure, ga kuma wanda bai ce uffan ba ranar. Mai karatu ya yi hukunci da kansa.

Abin da ya sa na ɗauki wannan hali da girma a game da wanda ya rasu da ƙuruciya shi ne, shi ba kamar sauran mamata ba ne. Addini ya koya mana cewa abin da ke bin mutum bayan mutuwarsa shi ne sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. To, yaro ɗan shekara goma sha takwas bai tara dukiyar da zai haƙa rijiya ba. Bai koyar da kowa ba, shi ma koyo yake yi. Bai yi aure ba, balle ya bar ɗa. Idan iyayensa suka bi shi, ƙannensa da ba su yi wayo da shi ba sai dai su ji labari. Waɗanda suka san muryarsa, suka san dariyarsa da burinsa, su ne waɗanda suka yi shekara shida suna cin kwano ɗaya da shi. 'Yan ajinsa su ne magadansa, ko sun sani ko ba su sani ba. Idan suka manta da shi, an gama mantawa.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a koya mana tunawa da magabata ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, har gobe mutane na zuwa hubbarensa a Wurno. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, an kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966, ga jami'a guda tana ɗauke da sunansa a Zariya. Wannan daidai ne, sun cancanta. Sai dai manya suna da tarihi mai riƙe musu suna. Kabarin ɗan makaranta kuwa damina kaɗan ke shafe shi, har mai nema ya rasa inda yake. Nana Asma'u 'yar Shehu ta fahimci haka. Ta yi wa ɗan'uwanta Bello marsiyya, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, amma ba ta tsaya ga masu sarauta ba. Ta yi wa maƙwabciyarta, ta yi wa jajinta mai jagorantar 'yan taru masu neman ilimi, matan da ba don alƙalaminta ba da babu wanda zai san sun taɓa zuwa duniya.

Asalin abin kuwa daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka gado shi. Nana A'isha ta ba da labarin cewa bayan rasuwar Nana Khadija yakan yanka akuya ko tunkiya ya aika wa ƙawayenta da naman. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa gamuwa da wani Balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya sauka ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin da ke kansa, don kawai mahaifin mutumin abokin Umar ne. Direban nan bai taɓa ba ni waɗannan labarai ba. Aiki da su yake yi duk mako.

Na san uzurorin da muke kawowa, domin duk na kawo su. Wani zai ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, zuwa gidan fama wa iyaye ciwo ne. Wannan zato ne na wanda bai je ba. Uwa ba ta mantawa balle a tuna mata. Abin da ke ci mata rai shi ne ta ga kamar ita kaɗai ta rage mai tunawa. Wani zai ce babu hali. Goron direba bai kai kuɗin katin da muke ƙonawa a hira ba. Wani kuma zai fake da saɓanin malamai a kan taron sadakar uku da bakwai da arba'in. Saɓanin yana nan, amma ban taɓa jin malamin da ya hana yi wa mamaci addu'a, ko biya masa bashi, ko gaida mahaifiyarsa ba.

Yanzu kuma mun samu sabuwar hanyar yaudarar kai. Kowane aji yana da zaurensa a WhatsApp. Idan aka yi rasuwa sai a saka hoto, mutum hamsin su rubuta Allah ya jiƙansa, kafin la'asar an koma gardamar siyasa da ƙwallo. Addu'a ce, Allah ya karɓa. Amma tsohuwar da ke lungu a Achida ba ta da WhatsApp, kuma Hausawa ba su yi kuskure ba da suka ce zumunta a ƙafa take.

Irin waɗannan iyaye kuwa ƙaruwa suke yi a gabashin Sakkwato. Harin da 'yan bindiga suka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 kaɗai ya ci rayuka sama da 40. Ga haɗarin mota, ga haihuwa da ke tafiya da 'yan mata sabbin aure, ga zazzaɓin damina. Da wuya a samu ajin da ya gama sakandare shekara goma da suka wuce bai rasa kowa ba.

Don haka ina kira ga kowace ƙungiyar tsofaffin ɗalibai: ku zauna ku rubuta sunayen waɗanda suka riga ku, ku binciki wanda ya rage a gidajensu. Kuɗin da ake tarawa domin walimar shekara, a cire wani abu a kai wa iyayensu da azumi, a biya wa ƙane ko maraya kuɗin jarabawa, a gyara rijiyar unguwa da niyyar ladan ya kai gare su. Wanda kuma ba ya cikin ƙungiya, kada ya jira ta. Direba bai jira kowa ba.

Ni dai na makara, ban samu Baba ba, kuma wannan bashi yana wuyana. Kai da kake karanta wannan, na tabbata akwai sunan da ya faɗo maka a rai tun ɗazu. Ka nemi gidansu a makon nan tun tsohuwar tana raye. Allah ya jiƙan abokanmu da suka riga mu, ya haskaka kaburburansu, mu kuma ya ba mu ikon sauke amanarsu kafin tamu ta zo.